Zoɓon Bakin Gona Ya Kai Ni Accra

Tun da na dawo daga ƙasar Gana ban samu sakat ba. A masallaci a tambaye ni, a bakin sito a tambaye ni, in na zauna majalisarmu ta Ƙofar Guga bayan la'asar sai a ce, to Alhaji Mamman, ba mu labari. Wasu sun ɗauka kwas aka kai ni, wani ma cewa ya yi ya ji lambar yabo na je karɓowa. Ba ko ɗaya. Matsala ce ta kai ni, kuma ni na jawo ta da hannuna. Na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, in huta da maimaitawa.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata zoɓo ne. Da tiya na fara a kasuwannin ƙauye, ina ɗaura buhu a bayan keke, har Allah Ya sa yau ina da sito, da mata kusan arba'in da ke tsince datti da sheƙewa duk kaka. Wani kamfani ne a Legas yake ɗauke kusan duk abin da na tara, yana turawa Turai. Bara manajan kamfanin ya kira ni ya ce masu sayen na can doka ta matsa musu, dole su riƙa ba da rahoton inda kowane buhu ya fito: ba a sare daji don noma shi ba, ba a fesa masa maganin da aka hana ba, ba a sa yara aikin wahala a kansa ba. Aka sa mana manhaja a waya. Duk wanda na saya a hannunsa sai na rubuta sunansa, sannan in zagaya gonarsa da ƙafa riƙe da waya har in dawo inda na fara. In zoben bai haɗe ba, manhaja ba ta karɓa.

To mu a nan kowa ya san inda zoɓo yake. A ƙauyukan da nake saye, wajen Mashi da Mani, da wuya ka ga an shuka shi gona guda. Gero da dawa su ne a tsakiya, na maigida. Yakuwa a gefe ake jera ta, layi ɗaya ko biyu a kan iyaka, kuma yawanci ta matan gida ce. Gefen gabas na uwar mai gonar, na kudu na matarsa, na yamma wataƙila na ƙanwarsa da ta dawo gida. Kowacce ita ke ɓare nata ta shanya, ita ke sayar mini. Manhaja kuwa abu ɗaya ta sani, mutum ɗaya gona ɗaya. Na yi ta fama da ita cikin rana har na gaji. Sai na yi dabarar ɗan kasuwa. In na zo gida mai mata uku masu zoɓo, sai in zagaya gonar maigidan sau uku, kowane zagaye da sunan mace ɗaya. Ta karɓa. A ƙarshen kowane zagaye akwai wurin da ake dannawa cewa na tabbatar abin da na shigar gaskiya ne. Na danna.

Ana tsakiyar damina sunana ya koma ja a manhajar. Manaja ya ce in bai koma kore ba kafin kaka za a cire ni daga jerin masu kawo kaya, kuma wanda aka cire saboda rahoto ba a cika mayar da shi ba. Ya ƙara da cewa masu haɗa manhajar, wani ƙaramin kamfani a Accra, suna gayyatar dillalai su je su ga yadda suke aiki da ita, in ina so ya sa sunana. Na ce ya sa. Ban san abin da zan je yi ba, na dai san zama a Katsina ba zai canza launin ba.

Da Alhaji Ɗahiru muka tafi, abokina tun makarantar allo, dilan riɗi na Ƙofar 'Yandaka. Shi sunansa kore ne shar, don riɗi gona guda ake shuka shi. Saboda haka shi yawon buɗe ido ya je. Ya yi guzurin kilishi kamar mai zuwa hajji ta ƙasa, tun daga tashar Kano yake tsokanata, wai in an kama ni a Gana shi zai dawo ya riƙe mini sito tsakani da Allah. Na yi dariya don kada ya gane.

Daga Kano jirgi muka hau zuwa Legas, na wuce ofishin kamfani kai tsaye. Manajan mutum ne mai kirki amma ba ya ja da gaisuwa. Ya juyo mini da kwamfutarsa, ya nuna mini taswirar wata gona da zobe uku a kan juna, kowanne da sunan mace daban. Ya danna, ga wata. Ya danna, ga wata. Ya ce a wurin masu bincike wannan alamar mutumin da ke ƙirƙirar gonaki ce don ya cusa kayan da ba a san asalinsu ba. Ya tambaye ni ko na san yadda aka yi. Na ce zan duba. Abin da na ce ke nan, ni da nake taƙama ba na ɓoye-ɓoye a ciniki.

Washegari bayan asuba motar da aka tanadar mana ta tashi. Mu goma sha wani abu ne a ciki, da masu citta, da masu kashu, da wata Bayarabiya mai sayen kaɗanya wadda kowa ke kira Mama. Iyaka uku za mu tsallaka kafin faɗuwar rana. Ni iyakar da na saba da ita ta Jibiya ce, inda wanda ke duba takardarka Hausa yake yi, wata rana ma ya tambaye ka jikin tsohuwa. Nan kuwa layi ne, da taga, da tambaya a gajarce. A iyakar farko aka ce kowa ya fito da katin rigakafi, mai ruwan ɗorawa. Na laluba aljihu babu. Sai na tuna Hajiya ta sa mini shi cikin aljihun babbar rigar da zan sa ranar taro, rigar kuwa tana cikin jaka, jakar tana can ƙasan kayan mutum goma sha. Direba ya sauke kaya kaf a bakin titi, yana magana shi kaɗai. Mama ta tsaya a kaina ta yi mini faɗa da Yarabanci tun daga farko har ƙarshe, ban ji kalma ɗaya ba amma na fahimta sarai. Alhaji Ɗahiru ya miƙa mata kilishi, ta karɓa ta ci gaba da faɗan tana tauna.

A Kwatano abin da ya fi ɗaukar mini hankali 'yan kabu-kabunsu ne, kowa da riga ruwan ɗorawa mai lamba a baya, sun cika titi kamar an zuba. Na ce wa Alhaji Ɗahiru da namu na Katsina za su yarda da lamba a baya da an rage rigima. Ya ce namu ko hular kwano ba su yarda da ita ba. Muka yi azahar da la'asar a gefen wani gidan mai, da ruwan roba muka yi alwala. Togo kuwa ba ta da faɗi ta wajen, teku na hannun hagunmu, kafin mu gama gardamar canjin sefa har mun iso iyakar Gana.

Muna shiga Gana muka fara ganin manyan alluna a bakin hanya da hotunan dattawa cikin kwalliya. Alhaji Ɗahiru ya ce ashe su ma zaɓe ya matso. Direba ya yi dariya ya ce ba 'yan takara ba ne, mamata ne, ana sanar da ranar jana'izarsu. Wani ya rasu wata biyu, wani uku, ana ajiye da shi har dangi su hallara a yi taro babba. Muka gaya masa yadda namu yake. Mu da mutum kan rasu da hantsi kafin la'asar har an dawo daga maƙabarta an shimfiɗa tabarmi. Direban da ya ji haka shi ma ya riƙe baki, ya ce to yaya ɗan da ke nesa zai yi? Na ce ya zo ta'aziyya. Kowa ya ga na ɗan'uwansa baƙon abu.

Wajen magariba muka isa masauki, wani gidan baƙi mai tsabta na wata dattijuwa. Babu buta a banɗaki, sai da muka yanke robar ruwa. Aka kawo abinci, wani dunƙulen tuwon masara a naɗe cikin ɓawonsa, da soyayyen kifi da barkono niƙaƙƙe. Alhaji Ɗahiru ya gutsura ya ɓata fuska, ya ce wannan tuwon ya kwana uku ba a ɗumama ba. Dattijuwar ta gane, ta nuna mana da hannu cewa tsamin da gangan ne. Na ci kifin na bar sauran. Ko da tuwon gidana ne a ranar ba na jin zai wuce.

Ofishin masu manhajar bai yi kama da ofis ba. Babu teburin oga, kowa na zaune a dogon tebur guda, bango duk an manne shi da ƙananan takardu kala-kala. Shugabar masu tsara fasalin manhajar wata mata ce, Madam Efuwa, ba za ta wuce arba'in ba, ma'aikatanta kuma sunanta suke kira gatsal. Na fara gaisuwa yadda aka saba, gajiya, aiki, iyali, ta amsa da kalma ɗaya tana murmushi. Sai wani mai gemu ya taso ya karɓi gaisuwar da Hausa tun daga kan kwana har zuwa labarin ruwa. Malam Razak ke nan, ɗan zangon Accra, kakansa daga ƙasar Hausa ya zo fataucin goro ya zauna. Yana cikin masu rubuta manhajar, shi aka sa ya yi mana tafinta. Da ya ji maganata ya ce, Bakatsine ne wannan ko ba a faɗa ba.

Aka zaunar da ni, aka ba ni waya, Madam Efuwa ta zauna gefena da littafi. Ta ce ta bakin Malam Razak in shigar da manomi ɗaya kamar yadda nake yi a gida, farfajiyar ofis ita ce gonar. Ta ce in sani ba ni ake gwadawa ba, manhajar ake gwadawa, duk abin da ya ba ni wuya in faɗa. Na ji ta, amma ban yarda ba. Mutumin da sunansa ke ja, an sa mace da littafi a gefensa tana rubutu, a ce ba shi ake gwadawa ba? Ga shi kuma mu baƙi ne. Sun biya mana mota, sun ba mu masauki. A tarbiyyarmu ba ka shiga gidan mutum ka ci abincinsa sannan ka ce aikin hannunsa bai yi ba.

Na zage na nuna gwaninta. Na shigar da suna, na fita na zagaya farfajiya, zobe ya haɗe, na dawo. Duk inda ta tambaya ko akwai wahala sai in ce babu, madalla, Allah Ya yi albarka. Alhaji Ɗahiru ya fi ni zaƙewa, har cewa ya yi ko tsohuwar ƙauye za ta iya. Na lura littafin Madam Efuwa bai cika ko rabin shafi ba, na ɗauka alama ce mai kyau.

Da aka tashi ta yi mana godiya. Sannan ta ce ta ga sunana ja ne, ta so ta gano ko daga wurinsu ne, amma tunda na nuna ba abin da ke ba ni wuya, za ta rubuta wa kamfanin Legas cewa ta ɓangaren manhaja ba matsala, sauran na masu bincike ne. Malam Razak ya fassara mini a hankali. Da bakina na rufe ƙofa ɗaya tilo da ta rage mini.

Malam Razak ya ga fuskata, ya ce mu zo ya kai mu unguwarsu mu ci abincin mutane. Ana ce wa unguwar Nima. Kana shiga ka ji kiran salla, ka ji Hausa ta ko'ina, Hausar dai ta sha bamban, amma ta shiga kunne. Muka yi la'asar, ya kai mu wurin wata Hajiya mai shinkafa da wake da tuwo mai laushi da miyar ayoyo. Nan na fara cin abinci na ƙoshi tun barina gida. Muna ci ya ce mini, "Alhaji, bari in gaya maka gaskiya. Yau kun ɓata mana rana. Mu aikinmu tara kuskure ne. Wanda ya yaba mana bai ba mu komai ba. Mama mai kaɗanya ta zage mu tas, shafi shida muka rubuta, Efuwa har rungume ta ta yi."

Na ce a wurinmu baƙo ba ya kushe mai masauki. Ya ce ya sani, shi ma haka aka rene shi, sai da ya shekara a aikin kafin ya iya ce wa Efuwa abu bai yi ba. Bai tambaye ni komai kan jan sunana ba. Ya dai ce gobe da safe akwai sauran zama kafin a rubuta rahoto.

A hanyar komawa masauki na gaya wa Alhaji Ɗahiru komai, karo na farko da na faɗa wa wani. Ya daina wasa. Shawararsa ita ce in yi shiru. In koma gida in goge sunayen matan, in bar na mazan kawai, gona ɗaya suna ɗaya, zoɓon duk a rubuta na maigida ne. Manhaja za ta koma kore, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Na ce, "Sannan in mai bincike ya je ƙauye ya tambayi Malam wane buhu nawa ya sayar, ya ce shi bai taɓa sayar da zoɓo ba, na tsohuwarsa ne?"

Ya ce, "Sai ka riga shi zuwa ka shirya su."

Na ce, "In shirya ƙauye goma sha su yi mini ƙarya? Kai ka san mutanenmu. Kuma ranar da aka rubuta zoɓon mace da sunan mijinta, ranar ta daina kawo mini. Kasuwa za ta kai."

Ya ce to in na faɗa kuma fa, ai na ce da bakina na danna na tabbatar a kan abin da ba haka yake ba. Wannan gaskiya ne. Abin da na yi ta juyawa ke nan har asuba: in na yi shiru ƙarya ta biyu ce a kan ta farko, in na yi magana wataƙila in rasa kamfanin, matan sitona su rasa aikin kaka. Na dai duba a matsayin ɗan kasuwa. Ƙaryar sai an yi ta ciyar da ita duk shekara. Gaskiyar sau ɗaya za a biya.

Da safe na sa babbar rigar, na ce wa Malam Razak ya gaya wa Madam jiya ban faɗi gaskiya ba. Ta ajiye kofin shayinta ta jawo littafi. Na rasa ta inda zan fara, sai na ɗora wayata a kan tebur, na ciro carbina na zagaye ta da shi. Na ce wayar nan gonar mutum ce, gero ne a ciki, nasa. Carbin nan shi ne zoɓo. Daga nan zuwa nan na uwarsa, daga nan zuwa nan na matarsa, sauran na ƙanwarsa. Ba wadda ke da gona a cikinsu, kuma ba wadda za ta yarda a ce zoɓonta na wani ne.

"Manhajarku ta ce sai na zagaya. Layi ba a zagaya shi. Ni na zagaya gona ɗaya sau uku da ƙafata, na danna na tabbatar. Ba wakilina ba ne, ni ne."

Malam Razak ya fassara. Madam Efuwa ta daɗe tana kallon carbin. Sai ta kira sauran, suka taru a kaina, ɗaya ya ɗauki hoton wayar da carbin yadda suke. Tambayoyi suka fara zuwa. Layin yakan canza duk shekara? Na ce yakan canza, in an yi aure ko rasuwa. In iyakar ta haɗa gonaki biyu fa? Na ce kowa ya san nasa gefen. Matan za su yarda a rubuta sunansu? Na ce za su yarda in an tabbatar musu ba rajistar ƙasa ake yi ba, don in maza suka ji kamar ana rubuta gona da sunan mace rigima za ta tashi. Ta ce tun da suka fara aikin suke zana mai gona da mai amfanin gona a matsayin mutum ɗaya, ba wanda ya taɓa ce musu ba haka ba ne.

Da bakina ya buɗe kuma sai ya ƙi rufuwa. Na ce rubutun ba ya ganuwa cikin rana. Na ce wurin dannawa ya yi wa babban yatsana ƙanƙanta. Na ce in sabis ya ɗauke a tsakiyar gona duk abin da ka shigar ya tafi, ka sake daga farko. Na ce suna tambayar hekta, manomi kuwa tiyar irin da ya shuka ya sani. Alhaji Ɗahiru da ya ga ana rubutawa ba a fushi, sai ya gyara murya ya ce shi ma a gaskiya bai taɓa cika ta da kansa ba, akawunsa ke yi, jiya ma kwaikwayona ya yi. Aka yi dariya, har da ni.

Dariyar ba ta daɗe ba. Madam Efuwa ta ce za su iya yin gyaran cikin 'yan makonni, a ƙara hanyar bin layi, a raba mai gona da mai zoɓo. Za ta kuma rubuta cewa tsarinsu ne bai ba ni hanyar faɗin gaskiya ba. Amma ba za ta ɓoye cewa na tabbatar da abin da na san ba daidai ba ne, don rahoton nasu ma ana bincikarsa. Na ce ban roƙe ta ta ɓoye ba. Na fita farfajiya na kira manajan Legas kafin takardarta ta riga ni, na gaya masa abin da ya kamata in gaya masa tun a ofishinsa. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba, zai kai maganar sama.

Dawowar ba ni da abin faɗa a kanta sosai. Iyakokin nan uku muka sake bi, katina a aljihun gaba. Duk ƙarar da waya ta yi sai in ciro ta in duba ko manaja ne. Mama mai kaɗanya da ta ji labarin wurin direba ta dafa kafaɗata ta yi doguwar magana, wannan karon ban san ko faɗa ba ne ko lallashi. Alhaji Ɗahiru bai sake tsokanata ba har Kano, abin da ya fi tsokanar damuna.

Kwana tara ina gida kafin amsa ta zo. Ba a cire ni ba, ba a kuma wanke ni ba. An ba ni gargaɗi a rubuce. Duk abin da na shigar bara an soke shi, sai na sake aunawa da sabuwar manhaja kafin a fara ɓarar zoɓo, kuma mai bincike zai zo da kansa ya zaɓi ƙauyen da ya ga dama. Layin da ban auna ba, ba za a karɓi zoɓonsa ba. Yanzu haka da nake rubutun nan na gama ƙauye bakwai, saura shida, zoɓo kuwa ya fara ja a gona. Masu cewa ba sa ganina a majalisa, dalilin ke nan.

Ranar da sabuwar manhajar ta iso na fara gwada ta a wani ƙauye gabas da Mashi, a gonar wani Malam Iro. Sai da na zauna da shi tukuna na nuna masa sunansa na nan a matsayin mai gona, ba abin da ya taɓa shi. Sannan aka kira mahaifiyarsa, Inna Hure, tsohuwar da na fi shekara goma ina sayen zoɓonta. Na ce ta nuna mini inda nata ya fara. Ta ƙi a nuna da baki, ta ɗauki sandarta ta shiga gaba, ina biye da waya, layin yana zanuwa a hankali yadda take tafiya. Da muka kai wani ɗan kalgo ta tsaya. Ni kuwa na saba da sauri, na ƙara taku biyu. Ta buga sandar a ƙasa.

"Dawo, Alhaji. Daga kalgon nan na Zulai ne, matar Iro."

Na dawo na gyara. Ta tambaye ni wa zai ga wannan zanen. Na ce mutanen Legas, da na Gana, da waɗansu can ƙetaren teku masu shan zoɓonta. Ta leƙa wayar, ba ta iya karatu ba, na nuna mata inda sunanta yake. Ta gyara lulluɓinta.

"To tunda har can za shi, ka rubuta daidai. Kada ka rage mini, kada kuma ka ƙara mini ko taku ɗaya. Je ka kira Zulai ta auna nata."